Tukunya Cikin Tukunya: Yadda Danshin Iska Ke Juya Dabarar Bah Abba

A tsakiyar shekarun 1990, Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya sa wata matsala a gaba wadda kowane ɗan ƙauye ya san ta. Manomi ya sha wahalar ban ruwa wata da watanni, ya tsinko tumatir da tattasai da gauta, amma kayan gwari ba sa jiran kowa. Kafin kwana uku sun fara yaushi, wasu sun ruɓe. Babu lantarki, balle a yi maganar firji. Dole ne a rabu da kaya a ranar da aka tsinko su, ko nawa mai saye ya taya. A gidaje da yawa 'yan mata ne ke ɗaukar wannan nauyi a ka, su yini suna yawon talla a lokacin da ya kamata a ce suna aji.

Bah Abba ya fito daga gidan magina tukwane, ya san yumɓu tun yana yaro. Abin da ya haɗa ba shi da wuyar fahimta. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba rairayi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cike tsakaninsu da rairayi, sannan a jiƙa rairayin sharkaf. Kayan miya su shiga ƙaramar tukunyar, a rufe bakinta da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Safe da yamma a ƙara ruwa. Shi ke nan.

Da kuɗin aljihunsa ya sa magina suka gina masa 5,000 na farko, ya raba su kyauta a ƙauyukan Jigawa, a 1999 kuma ya ƙara 7,000. Sakamakon da ya bayar daga gwajinsa ya ja hankalin duniya: gautar da kan lalace a kwana 3 ta kai kwana 27, tumatir da tattasai sun kai mako uku, alayyahun da ba ya wuce yini guda ya yi kwana 12. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar kamfanin agogo na Rolex mai ɗauke da dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta Amurka ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar. Sanyaya ruwa a tukunyar ƙasa tsohon abu ne, kakanninmu da randa suka sha ruwan sanyi, mutanen Masar da Indiya ma tun zamanin da suna yi. Gudummawar Bah Abba ita ce mayar da wannan sani ma'ajiyar kayan lambu, da kuma hidimar kai shi ƙauye-ƙauye har ya karɓu.

Sai dai akwai abin da labarin kan tsallake idan ana ba da shi. Wanda ya ɗauki tukunyar nan, yadda take, ya kai ta Legas ko Fatakwal, ba zai ga wannan sakamako ba. Kai, ko a Dutsen ma, tukunyar da ta yi abin mamaki a watan Maris ƙarfinta zai ja baya a watan Agusta. Yumɓun bai canza ba, rairayin bai canza ba, mai zuba ruwan bai yi sakaci ba. Iskar da ke kewaye da tukunyar ce ta canza.

Daga ina sanyin ke fitowa?

Jikin tukunyar ƙasa cike yake da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwan da ke cikin rairayi yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa bayan babbar tukunyar, ya haɗu da iska, ya zama tururi ya tashi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi a banza, sai ya sami zafin da zai ɗaga shi. Wannan zafi yana zuƙo shi ne daga abin da ke kusa da shi, wato jikin tukunyar, da rairayi, da ƙaramar tukunyar, da kayan da ke cikinta. Kuma ba ƙaramin zafi ba ne. Lita ɗaya ta ruwa idan ta bi iska tana tafiya da zafin da ya kai kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), wanda idan aka cire shi daga ruwa ya isa ya sauke zafin lita hamsin da wani abu da digiri 10. Da wannan hanya ce zufa ke sanyaya jikin mutum, da ita ce randa da salka ke sanyaya ruwa.

Ke nan duk aikin ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: iskar da ke wurin, tana da ƙishirwar ruwa ko ta ƙoshi?

Abin da kason danshi ke nufi

Iska ko da yaushe tana ɗauke da ruwa a siffar tururin da ba a gani. Amma akwai iyaka ga yawan da zai iya zama a cikinta, kuma zafi ne ke saka iyakar. A ɗauki iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsayi. Idan zafinta digiri 10 ne a ma'aunin Salshiyas, iyakarta giram 9 da 'yan kai na tururin ruwa. A digiri 20 iyakar ta kai giram 17. A digiri 30, giram 30. A digiri 40, giram 51. Wato duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka abin da iska za ta iya ɗauka.

Kason danshin iska, wannan lamba da ake gani da alamar kashi cikin ɗari a manhajar yanayi ta waya ko a hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, kwatanci ne tsakanin tururin da ke cikin iska a yanzu da iyakar da za ta iya ɗauka a zafin da take ciki. Idan aka ce kashi 100, ta cika, ko ɗigo ba za ta ƙara karɓa ba. Idan aka ce kashi 20, kashi ɗaya cikin biyar kawai take ɗauke da shi, sauran huɗun fili ne.

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, suna ɗaukar lambar a matsayin yawan ruwan da ke cikin iska. Ba haka ba ne. A ce da asubar hunturu akwatin nan na iska yana ɗauke da giram 5 na tururi, zafi kuma digiri 12. Iyaka a wannan sanyi ba ta wuce giram 11 ba, don haka kason danshi ya kusa kashi 50. Rana ta take, zafi ya hau digiri 32, iyaka ta koma kusan giram 34. Giram 5 ɗin nan na nan yadda suke, ba a ƙara ba, ba a rage ba, amma kason ya faɗo zuwa kashi 15. Shi ya sa wankin da aka shanya da sassafe yake jinkiri, wanda aka shanya da azahar kuwa kafin a juya ya bushe ƙayau. Idan aka bi ta ɗaya gefen, iska mai ɗauke da tururi ta yi ta sanyi cikin dare har iyakarta ta sauko daidai da abin da take ɗauke da shi, sai rarar ta sauka a kan ciyawa da ganye. Raɓar da ake tararwa da safiyar damina da farkon kaka ke nan.

Saboda haka lambar ita kaɗai ba ta gama magana, sai an haɗa ta da zafi. Kashi 50 a digiri 15 da kashi 50 a digiri 38 ba iska ɗaya ba ce ko kaɗan.

Dutse a Maris, Dutse a Agusta

Iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a sararin Afirka ta Yamma. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas ce ke mulki, wadda ta ratso Sahara ta taho da ƙura, babu ruwa a tare da ita. A wannan lokaci kason danshi da rana a Kano da Jigawa da Katsina da Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20. Jiki ma yana ba da shaida: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su yi ta haɓo. Daga baya iskar kudu maso yamma ta taso daga Tekun Atlantika, jiƙe da ruwa, ta tura waccan arewa. Ita ke kawo damina, kuma a watan Agusta kason danshi a waɗannan garuruwa yakan wuce kashi 70, da safe ma ya haura haka.

Yanzu a sa tukunyar a cikin kowanne. Ga ranar bazara, zafi digiri 40, danshi kashi 15. Akwatin iskar nan yana ɗauke da giram 8 ne kacal, yana da filin giram 43. Ruwan da ya tsattsafo bayan tukunya ba ya daɗewa, iska ta lashe shi. Ga kuma ranar damina, zafi digiri 30, danshi kashi 80. Akwatin na ɗauke da giram 24, filin da ya rage giram 6 ne. Ruwa zai fito bayan tukunya ya tsaya yana ƙyalli, ya rasa mai ɗauka.

Masana yanayi suna da hanyar auna iyakar sanyin da busar ruwa za ta iya kawowa. Sukan rataye ma'aunin zafi biyu, ɗaya haka nan, ɗaya an naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle, iska na bugunsu. Abin da jiƙaƙƙen ya nuna shi ne ƙarshen inda kowace randa ko tukunya za ta iya kaiwa. A ranar bazarar can, jiƙaƙƙen ma'auni zai tsaya wajen digiri 21, wato tazarar digiri 19 tsakaninsa da zafin gari. A ranar daminar kuwa zai tsaya wajen 27, tazarar digiri 3 kawai. Tukunyar gaske ba ta kaiwa wannan iyaka, domin zafi na shigowa ta murfi da ƙasa da duk lokacin da aka buɗe ta, amma daga cikin wannan tazara take cin rabonta. Inda tazarar digiri 19 ce akwai abin ci. Inda 3 ce, ko tukunyar ta yi aiki ba aibu, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a lissafin nan shi ne, cikin tukunya zai iya fin sanyi a ranar da gari ke digiri 40 a kan ranar da yake 30. Mai kallon zafi kaɗai ba zai taɓa tsammanin haka ba.

Lokacin da ya fi wahala shi ne tsakanin ƙarshen Afrilu da Mayu, sa'ad da iskar teku ta fara isowa amma ruwan sama bai sauka ba tukuna. Zafin bazara na nan daram, danshi kuma ya hau. Wannan ne lokacin gumin da ke hana barci, mutum ya jiƙe da zufa amma ba ta bushewa balle ya ji sauƙi, ƙurajen zafi su feso wa jarirai. Abin da ya sami fatar mutum shi ya sami bayan tukunya. A daidai makonnin da kaya suka fi saurin lalacewa, ƙarfinta ya fara ja baya. Duk wanda zai raba tukwanen nan ga manoma ya kamata ya faɗa musu wannan tun ranar farko, domin wanda aka yi wa alƙawarin kwana 27 ya ga kayansa sun ruɓe a mako guda zai ce an yaudare shi, ya wurgar da dabarar gaba ɗaya, har da watannin da za ta yi masa rana.

Bushewa a waje, laima a ciki

Sanyi rabin aikin ne. Kayan lambu bayan an tsinke su suna nan da rai, suna numfashi, suna ƙona abincin da ke jikinsu, kuma duk ƙarin zafin digiri 10 yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu ko uku. Rage zafi na rage saurin nuna da ruɓewa. Amma akwai wata asarar ta daban, wato ruwan jikinsu. Tumatir fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, ganyaye ma haka. Busasshiyar iskar da ke lashe ruwan bayan tukunya ba ta bambance yumɓu da alayyahu. Idan aka baza ganye a faifai a watan Fabrairu, ita ce ke mayar da shi yaushi kafin la'asar. Mai kayan miya a kasuwa da ke yayyafa wa latas da alayyahu ruwa yana lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, da wannan iskar yake kokawa.

A cikin ƙaramar tukunya labarin ya sha bamban. Wuri ne rufaffe, bangonsa a jiƙe, murfinsa a jiƙe, iskar ciki kuma ta fi ta waje sanyi, wanda hakan kansa ke ɗaga kason danshinta. Iskar da ta kusa ƙoshi ba ta da abin da za ta ƙwata daga jikin ganye. Yawancin kayan lambu suna son danshin kashi 85 zuwa 95, kuma irin wannan yanayi tukunyar ke nufin samar musu. Ke nan dabarar tana buƙatar ƙarancin danshi a waje da yawansa a ciki, a lokaci guda, tazarar da ke tsakani kuwa kaurin yumɓu da rairayi ce kawai.

Wannan ne kuma dalilin da ba kowane kaya ke shiga ba. Albasa da tafarnuwa busasshen wuri mai iska suke so, idan aka sa su a laima sai su tsiro ko su ruɓe. Hatsi da gyaɗa da wake ko kusa. Nama da madara da magungunan da aka ce a ajiye a firji su ma a'a, amma nasu dalilin daban ne: allurar rigakafi da ire-irenta suna buƙatar digiri 2 zuwa 8, tukunya kuwa ba ta da hanyar sauka can ko a ranar da ta fi kowace bushewa. Tumatir ba ya neman wannan sanyi, hasali ma ƙasa da digiri 10 yana ɓata shi.

Abin da aka gani a wasu wurare

Dabarar ta ƙetare iyaka zuwa wuraren da yanayinsu ya dace da ita. A Sudan, ƙungiyar da yanzu ake kira Practical Action ta gwada ta a Alfashir da ke Darfur tare da mata magina tukwane, ta kuma yaɗu a can. A 2017 masu bincike daga jami'ar MIT ta Amurka da Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya sun bi irin waɗannan tukwane a Mali da na'urorin auna zafi da danshi. Shawarar da suka fitar ta yi daidai da lissafin da ke sama: dabarar ta fi amfani inda kason danshi ke ƙasa da kashi 40, zafin rana kuma ya wuce digiri 25, a sami inuwa, iska mai ratsawa, da ruwan da za a riƙa ƙarawa.

Sharuɗɗa biyun ƙarshe ana yawan raina su. Tukunyar da aka kulle a ƙuryar ɗaki marar taga za ta cika iskar ɗakin da tururinta, kason danshin da ke kewaye da ita ya hau, aikin ya tsaya, ko da kuwa a waje hunturu ake. Ƙarƙashin rumfa ko bishiya, ko zaure mai ƙofa biyu, ya fi. Ɗora ta a kan wani abu don iska ta ratsa ƙarƙashinta ma yana ƙara mata ƙarfi. Batun ruwa kuwa, inda iska ta fi ƙishirwa nan ne tukunya ta fi sha, kuma sau da yawa nan ne rijiya ta fi nisa. Wannan tsada ce ta gaske, a kan mata da yara take faɗawa, bai kamata a ɓoye ta ba idan ana lissafin ribar dabarar.

A ganina babbar sa'ar da Bah Abba ya yi, ko in ce basirarsa, ita ce dacewar lokaci. Tumatirin arewa na noman rani ne. A Kadawa da Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonaki, da kwarin Haɗeja, kaya na cika kasuwa ne daga wajen Janairu zuwa Afrilu, lokacin da kwando ke faɗuwa warwas har manomi ya rasa kuɗin mota. Watannin nan su ne na busasshiyar iska. Lokacin da aka fi buƙatar ma'ajiya shi ne lokacin da tukunyar ta fi ƙarfi. Mako biyu ko uku da take bayarwa sun isa magidanci ya daina sayarwa cikin gaggawa, uwargida ta sayi kayan miyar mako guda a ranar kasuwa ba tare da fargabar asara ba. Ba za ta ɗauki amfanin kadada guda ba, kuma ba za ta kai tumatirin Maris zuwa tsadar Yuli ba.

Don wannan doguwar ajiya, manoma na da tasu hanyar tun da can, kuma da busasshiyar iskar nan ɗaya take aiki. Ana yanka tumatir a shanya ya zama kauɗa, a busar da tattasai da kuɓewa. A can ana son iska ta zuƙe ruwan kayan ne gaba ɗaya. Haɗarin yana zuwa idan danshi ya dawo, domin busasshen kaya yana jan ruwa daga iska har sai ya daidaita da ita, kuma da zarar kason danshi ya zauna sama da kashi 70, funfuna na samun wurin tsira. Kauɗar da aka bari a buhun da iska ke ratsawa za ta iya yin laushi ta yi baƙi a tsakiyar damina ba tare da ɗigon ruwan sama ya taɓa ta ba. Shi ya sa ya kamata a ɗure ta a leda mai kauri ko jarka mai murfi tun iska na bushe, a yi ɗurin da tsakar rana lokacin da kason danshi ya fi sauka, kafin iskar teku ta iso a ƙarshen Afrilu.